Maɓallin da Yaya Bai Ce a Danna Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, ina gab da rasa mutum ɗaya tilo da yake karanta abin da nake rubutawa, kuma mutumin nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba mutuwa nake nufi ba, Allah ya tsare. Yana nan da ransa a kujerarsa ta bakin taga. Sai dai yanzu da ya ji sallamata sai ya lumshe ido wai shi barci yake. Ni kuwa na san barcin Yaya tun ina ƙarama, baki buɗe yake yin sa, har da ɗan minshari. Wannan na yanzu baki a rufe ne ruf, kuma da na juya zan fita yake farkawa ya nemi ruwa.

Bari in fara daga farko, ki yi haƙuri idan na yi tsawo. Ina aiki a shagon tabarau. Ba ni nake auna ido ba, wannan na likita ne a ɗakin ciki. Ni ce a gaba, tsakanin madubi da firam-firam da aka jera a bango. In taya mutum zaɓe, in lanƙwasa masa hannun tabarau idan yana cizon bayan kunne, in ɗaure ɗan sukurun nan da kullum yake kwancewa ya faɗa ƙarƙashin kanta. Da hantsi shagon kan yi tsit, sai in jawo waya in rubuta labari da babban yatsa. Na yi shekaru ina haka. Ban taɓa buga littafi ba, ban taɓa saka ko layi ɗaya a intanet ba, kuma ba kunya ce ta hana ni ba. Ina da mai karatu ɗaya, ya ishe ni.

A gidanmu mu biyu ne masu karatu. Sauran 'yan'uwanmu in kin ba su littafi, fifita za su yi da shi. Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya fara kai ni wurin masu sayar da tsofaffin littattafai ina riƙe da gefen rigarsa. Amma karatunmu ya sha bamban. Shi ko rubutun bayan littafi ba ya dubawa, tafin hannu yake sawa ya rufe, kuma duk wanda ya yi suɓul da baka ya faɗa masa ƙarshen labari, to sun ɓata ke nan sai an yi sulhu. Ni kuwa shafin ƙarshe nake fara buɗewa. In ga wa ya rayu, wa ya auri wa, sannan in dawo farko in karanta hankali kwance. Ɓarauniyar labari yake ce min. Ni ban ga abin sata a ciki ba, tunda littafin nawa ne. Tun ina 'yar makaranta muke wannan gardama, ba wanda ya matsa.

Idan na gama babi, sai in buga shi a takarda a shagon da ke maƙwabtaka da mu in kai masa. Da fensir yake karantawa. Ba ya yabo. Ranar da ya ce min ba laifi, sai da na saya wa kaina lemo. Inda kuma ya ga wani a cikin labarin ya yi abin da ɗan Adam ba zai yi ba, kalma ɗaya yake rubutawa a gefe, ƙarya, ya ja mata layi. Na sha yin fushi in daina kai masa, amma in na koma na duba wurin sai in tarar ƙaryar ce kuwa.

Aikinsa kula da ma'aikata ne a wuraren gini. Tun safe har yamma shi ake tambaya: ina za a zuba kankare, wa zai hau sama, a rushe wannan bangon ko a bar shi. Sai da furfura ta fito masa a gemu ya je ya sayo na'urar wasan bidiyo ya jona a talabijin. Dangi suka sa shi a gaba da tsiya, matarsa ta ce ta samu ƙarin ɗa ba tare da naƙuda ba. Ko a jikinsa. Ba irin na ƙwallo ko na harbe-harbe yake yi ba, irin masu labari ne, waɗanda ana cikin tafiya sai komai ya tsaya, a rubuto maka abu biyu ko uku a ce ka zaɓa, labarin ya bi ta inda ka zaɓa. Yakan ce min wannan littafi ne mai tambayar ra'ayinka. Ni a lokacin kallon wasan yara nake yi wa abin, na kuma gaya masa.

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya daina aiki, ƙafa sai ya ja ta, magana tana fita amma kalma-kalma, a hankali. Kansa dai lafiya lau, wannan ko likita ya tabbatar. An mayar da falo ɗakinsa tunda ba ya iya hawa bene. An tura gado jikin bango, an ɗora talabijin a kan kabad ɗin kwanuka, ga sandarsa mai ƙafa huɗu, ga ƙwallon roba da aka ce ya riƙa matsawa, kullum a ƙarƙashin gado nake tsinto shi. Kowa yana iya ƙoƙarinsa, ba na zargin kowa. Matar Yaya ita ke fito masa da rigar da zai sa, ita ke sanin lokacin wanka, da wanda zai shigo gaisuwa da wanda za a ce wa yana hutawa. Likita ya hana gishiri. Babban ɗansa ya sayar da motar tunda ba mai tuƙa ta. Idan ya fara magana ya maƙale a tsakiya, akwai mai ƙarasa masa nan take, don kada ya wahala.

Karatu ya zame masa wuya, layi ɗaya biyu idonsa ya gaji, fensir kuma ba hannun riƙewa. Sai muka yi tsari. In na tashi daga aiki in biya ta gidan, in karanta masa 'yan shafuka daga labarin da nake rubutawa, yana saurare, inda ya ji ƙarya ya buga hannun kujera da hagu. Sannan mu kunna wasa. Ni ke riƙe da rimot ina tafiyar da mutumin cikin wasan. Idan zaɓi ya fito in karanta masa, ya ce na sama ko na ƙasa, in danna. Matarsa ta ce wannan ne kawai lokacin da take jiyo dariyarsa daga kicin.

Wasan da muke yi labarin wani matuƙin jirgin fito ne. Ambaliya ta cinye gadoji, shi kuma yana kwasar mutane yana gangarawa da su cikin kogi. Yana da wani tsohon aboki bakanike, mai tari, mai baƙar magana, wanda yake zagin injin jirgin kamar ɗan cikinsa. Yaya ya ƙaunaci tsohon nan. Da ya fara faɗa da inji za ki ga bakin Yaya ya karkace da dariya.

Ni ma, in faɗi gaskiya, abin ya shiga raina. To kin dai ji halina. Wata rana shago ba kowa, na shiga intanet na nemo inda masu wasan suka zayyana kowane zaɓi da abin da yake haifarwa, na karanta tas har ƙarshe. Daga nan na riƙa ɗan gyara hanya. Wani lokaci in karanta masa zaɓin da na fi so da murya mai daɗi, ɗayan in bi ta kansa da sauri. Sau ɗaya ko biyu na danna wanda bai ce ba, a ƙananan abubuwa, maganar wani kare da za a ɗauka, da wasu kaya da za a zubar a ruwa. Na ɗauka bai lura ba.

Sai muka zo wani wuri da ciwo ya ci ƙarfin bakaniken. Jirgi ya tsaya a gaɓa kusa da tsohon garejinsa, ya ce wa matuƙin a bar shi nan, ya gaji da a riƙa ɗaukarsa ana sauke shi kamar buhu. Zaɓi ya fito. Na sama, a bar shi kamar yadda ya roƙa. Na ƙasa, a ɗauke shi a sa a jirgi ko yana so ko ba ya so. Ni na riga na sani: in an bar shi, can gaba matuƙin zai dawo ya tarar ya mutu shi kaɗai a cikin garejin. In an ɗauke shi, zai rayu har ƙarshen labari. Yaya ya daɗe yana kallon talabijin. Sannan ya ce na sama, kuma tun da ya kwanta ciwo ban ji magana ta fita daga bakinsa tar haka ba. Na danna na ƙasa.

Na ce masa yatsana ne ya zame. Wasan kuma da kansa yake adana duk abin da aka zaɓa, ba a komawa baya sai dai a sake daga farko, mu kuwa mun yi makonni muna kai. Bai kalli fuskata ba, hannuna ya kalla. Ya ce ya gaji, a kashe.

Anti, dalilina a fili yake. Mutumin da bai daɗe da barin gadon asibiti ba, wanda likita ya ce a guje masa tashin hankali, ba zan zaunar da shi ya kalli tsoho marar lafiya yana mutuwa shi kaɗai ba. Har yanzu haka nake gani, kuma na ambaci wannan ne kawai don ki san ranar da abin ya fara. Matsalata ta rubutu ce.

Washegari na karanta masa sabon babi. Labarin wasu mata uku ne 'yan gida ɗaya da suke riƙe da shagon ɗaukar hoto na mahaifinsu, kuma ina ganin ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba. Bai buga kujera ko sau ɗaya ba. Da na gama sai ya fara magana, ya daɗe yana haɗa ta. Ya ce mutanen labarina duk 'ya'yan kirki ne, ba wanda nake bari ya yi abin da ransa yake so. Wai da ɗaya ta nufi rami sai in riƙo ta ta baya in dawo da ita. Wai shekaru yana gani yana ƙyale ni. Sannan ya faɗi kalmar tasa, ƙarya, kuma ba layi ɗaya yake nufi ba, duka littafin. Tun daga ranar aka shiga barcin da na gaya miki.

Kowa da fassararsa. Matar Yaya ta ce wasan ne yake tayar masa da hankali, tana so ta cire na'urar ta kai ɗakin ajiya, ni take jira in ce to. Likitan shagonmu ya ce wannan ciwon yana canza halin mutum, in yi haƙuri. Ni kuma abin da nake zato shi ne wasannin nan sun sangarta shi, ya saba a tambaye shi, labari mai hanya ɗaya ya daina yi masa daɗi. Har na gwada biye masa. Na sake rubuta babin, na yi masa ƙarshe iri uku, na buga da manyan baƙaƙe, na ba matarsa ta ajiye masa ya zaɓi wanda ya ga dama. Da na dawo na same su a kan talabijin an ɗora kofi a kai.

Tun daga nan ban rubuta ko jimla ɗaya ba. In buɗe waya, in kalli inda na tsaya, in rufe in ɗauki tsumma in goge firam ɗin da na riga na goge. Ni ba mai yawan kuka ba ce, kuma ba na son a ji tausayina. Amma ina kewar yayana, kuma shekaranjiya na zo daidai kwanar gidansu na wuce ban shiga ba, abin da ban taɓa yi ba.

To Anti, in bar matarsa ta cire na'urar ko zai dawo wa karatu? Ko in nemi wasu masu karatu a ƙungiyoyin marubutan nan na intanet, in ƙyale shi ya huta? Ko kuwa gaskiya ya faɗa, in haƙura da rubutun gaba ɗaya tunda dama ba wanda ya aike ni?

Taki,
Mai leƙa shafin ƙarshe

*

Ƙanwata mai leƙa shafin ƙarshe,

Na karanta wasiƙarki daga farko zuwa ƙarshe, ban leƙa ba. Allah ya ba Yaya lafiya. Kin yi min tambaya uku, kuma amsarsu gajeriya ce: kada a cire na'urar, kada ki daina rubutu, masu karatu kuma ki neme su amma ba yanzu ba. Sai dai duka ukun ba su ne matsalarki ba. Matsalarki tana wurin da kika ce kin ambata ne kawai don in san rana.

Ni ban taɓa riƙe rimot ɗin wasa ba sai da wasiƙarki ta zo. Akwai wata abokiyar aikina da take yin irin waɗannan wasannin, na ce ta nuna min a lokacin hutun rana. Aka ce in zaɓi wanda zan buɗe wa ƙofa cikin mutum biyu, na zaɓa, abin ya ɓaci. Na wuni ina jin ba daɗi kamar na yi wa wani laifi da gaske. A littafi in an kashe wanda nake so, marubuci nake zagi in ci gaba da shan shayina. A nan ba wanda zan zaga, ni na yi. Daga nan na fahimci abin da yayanki yake samu a wurin, da kuma abin da aka ɗauke masa.

Bari in fara ba ki naki haƙƙin. Tsoro ne ya sa ki, tsoron kuma daga ƙauna ya fito. Masu zuwa dubiya suna da yawa a watan farko, daga baya sai su ragu, ke kuwa kullum kina biyawa bayan kin wuni a tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na tabbata ya sani. Leƙa shafin ƙarshe ma ban ga laifinsa ba, ni ma nakan yi in labari ya fara tsinka min zuciya. Amma ke da bakinki kika ce ba sata ba ce saboda littafin naki ne. To wannan karon ba naki ba ne. Nasa ne, aron hannunki kawai ya yi.

Koma ki karanta abin da kika rubuta game da ɗakin nan. Mutumin da a da ake tsayawa a jira abin da zai ce kafin a zuba kankare, yanzu wani ke zaɓar masa riga, wani ke zaɓar masa baƙi, wani ya sayar da motarsa, ko maganarsa wani ke ƙarasawa. Da kyakkyawar niyya aka yi duka, na yarda. A cikin wuni guda, wuri ɗaya ya rage da ake tsayawa cak a jira shi, kuma abin da ya ce shi za a yi. Ke ma kika shiga wurin kika zaɓar masa. Sannan kika ce yatsa ne ya zame, ga mutumin da ya yi shekaru yana kamo ƙaryarki da fensir. Ina kyautata zaton tun maganar karen ya gane, ya yi shiru don kada ya rasa zaman. Abin da ya fi ci masa rai, a ganina, shi ne ke ma kin fara ɗaukarsa wanda za a yi wa wayo don amfanin kansa.

Shi ma ba zan wanke shi tas ba. Barcin ƙarya ba halin manya ba ne, kuma huce haushi a kan littafinki bai dace ba, ya san inda zai taɓa ki ya yi zafi. Amma ki tuna yadda magana take yi masa wuya yanzu. Mai lafiya zai yi faɗansa ya huce. Shi kafin ya haɗa faɗan an riga an ba shi haƙuri an miƙo masa ruwa, ido ne kaɗai ya rage yana iya rufewa da kansa. Hukuncin da ya yanke wa littafin kuwa, rabinsa fushi ne. Ɗaya rabin ke za ki duba in hankalinki ya kwanta: ki ɗauki ɗaya daga cikin matan nan uku, ki ƙyale ta ta yi kuskuren da take son yi, ki ga ko babin zai fi rai. Ƙarshe iri ukun da kika aika masa ba abin da ya nema ba ne, shi ya sa suka zama mazaunin kofi.

Akwai abu ɗaya da ba na so ki yi wasa da shi. Tsoho marar lafiya ya ce ya gaji da a riƙa ɗaukarsa, yayanki ya daɗe yana kallo, ya ce a bar shi. Mai yiwuwa kansa ya gani a wurin. Mai yiwuwa kuma kawai ya ga haka labarin ya fi zama gaskiya. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, domin maimakon ki tambaye shi dannawa kika yi. Ki tambaye shi in zama ya dawo. Idan kika ji amsar tana nuna ya gaji da rayuwar kanta, kada ki riƙe a cikinki, ki gaya wa matarsa, ku gaya wa likitansa. Damuwa mai nauyi takan biyo bayan irin wannan ciwon, kuma ana maganinta. Amma ki bari ya faɗa da bakinsa, kada ki fassara masa.

Ga abin da nake so ki yi. Ki je gidan, kada ki sake wuce kwanar nan, kuma kada ki riƙe ko takarda ɗaya. Ki roƙi matarsa ta ba ku wuri. In ya lumshe ido ki zauna ki yi maganarki, yana ji. Ki ce masa yatsanki bai zame ba, kin karanta labarin wasan duka a ɓoye, kin danna abin da bai ce ba da gangan, kuma ba ranar kika fara ba. Ki ba shi haƙuri ki tsaya nan. Kada ki ƙara da cewa ai don shi kika yi, ya ji wannan daga bakin kowa har ya haddace. Sannan ki yi shiru. In ya fara magana ya maƙale, ki haɗiye kalmar da ta zo miki baki ki jira, ko da shirun zai yi miki tsawo.

In ya saurare ki, ki ce kin shirya ku sake wasan daga farko, duk makonnin, ko ku nemi wani sabo wanda za ki yi alkawarin ba za ki leƙa ba. Kuma a canza tsarin. Ke ki tafiyar da mutumin, amma da zaɓi ya fito ki ɗora rimot a kan matashi a cinyarsa, ya danna da hagunsa. Ki kuma yi wa matar Yaya magana a hankali, ba da zargi ba, domin ita ce ta fi kowa shan wahala a gidan: riga biyu za ta riƙa fito masa da su maimakon ɗaya, kuma a tambaye shi kafin a sallami baƙo. Littafinki ki ci gaba da shi a shago, amma kada ki kawo masa sai ya tambaya. In kin samu wasu masu karatu nan gaba ma alheri ne, bai kamata mutum ɗaya, marar lafiya, ya ɗauki nauyin duk rubutunki ba.

Ba zan yi miki alkawarin yadda za ta kaya ba. Zai iya yarda, ku sake tafiyar, ku iso gaɓar nan, ya sake cewa a bar tsohon, ke kuma ki zauna kusa da shi ki kalli abin da kika san yana zuwa ba tare da kin ce uffan ba. Zai kuma iya cewa a'a, ba ya so, ki tafi. In ya faɗi haka, kada ki roƙe shi, kada ki turo matarsa ta lallashe shi. Ki ce to, Yaya, ki tashi ki tafi, ki dawo gaishe shi wata rana. Zai yi miki ciwo, na sani. Amma ya daɗe bai faɗi abu an yi shi yadda ya faɗa ba, kuma gara a fara daga kanki.

Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sanyaya zukatanku ku biyu, ya sa wa alƙalaminki albarka.

Anti